Ribar titi tana wurin da mota ke tsayawa

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya lokacin rani ya san Kwanar Gafan. Kwandunan tumatir ne jere a gefen kwalta, manyan motoci suna lodi za su nufi Legas, ga masu shayi da masu abinci da masu faci suna cin albarkacin taron. Ruwan madatsar Tiga da ke ban ruwa a gonakin Kadawa da Kura shi ya samar da amfanin, amma titi ne ya mayar da wurin kasuwa. Haka Tafa take a hanyar Kaduna zuwa Abuja, garin da direbobin tirela suka raya da kwanansu. Haka ma Mararrabar Jos.

Wannan ya sa da zarar an ce za a gyara babbar hanya, sai a shiga yi wa mutanen karkara albishir cewa arziki ya zo. Ni ina da ja a kan wannan albishir. Motar da ta wuce ƙauye a guje ƙura kawai take bar masa. Mai rake da mai gasa masara da mai fura da nono duk suna samun ciniki ne a inda direba ya taka birki, kuma a hanyoyinmu abin da ke sa shi taka birkin ba ya wuce rami, ko tudun rage gudu, ko shingen jami'an tsaro. Wato lalacewar hanya ce ke ciyar da dubban gidaje. To idan aikin hanyar Abuja zuwa Kano, wanda aka soma tun 2018, ya kammala, aka shafe ramukan, aka raba hannu biyu da kankare, ina waɗannan mutane za su tari mai saye?

Ba ina cewa a bar ramuka ba ne, Allah ya kiyaye. Ina cewa ne a sa wurin tsayawa cikin tsarin hanya tun daga zane. Fili ne kawai a gefe, nesa kaɗan da kwalta, da rijiyar burtsatse, da masallaci, da bayi mai tsafta, da fitila mai aiki da hasken rana, da rumfuna. Direban da ya taso daga Abuja dole ya yi sallah, ya ci abinci, ya duba taya, fasinja kuma na neman tsarabar da zai kai gida. Kuɗin gina irin wannan wuri bai kai na kilomita guda na kwalta ba, kuma ƙaramar hukuma na iya samun kuɗin shiga daga hayar rumfuna maimakon tsare direbobi da sanduna ana yankar rasit. Zai kuma janye yara mata masu talla daga tsakiyar titi, inda suke bin mota da gudu da faranti a ka don ciniki na naira ɗari biyu.

Su ma mutanen gefen hanya akwai gyara a wurinsu. Kowa ya kasa irin abin da maƙwabcinsa ya kasa, mutum ashirin a layi da albasa iri ɗaya, sai mai saye ya yi ta tayawa yadda ya ga dama. Tumatir kuwa ba ya jira, in bai shiga yau ba jibi ya ruɓe. Masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta sha tsayawa, don haka manomi ba zai zuba mata ido ba. Amma kauɗar tumatir da aka shanya a kan tabarma mai tsafta, ba a ƙasa ba, aka ɗura a leda, tana iya wata da watanni. Haka ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da zuma da kilishi. Matafiyi ya fi sakin kuɗi a kan abin da zai kai Abuja bai lalace ba.

Sai batun tsaro. Shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar Kaduna zuwa Abuja, masu hali sun koma jirgin ƙasa, waɗanda suka rage a mota kuma ba mai yarda ya tsaya ko da ruwa zai saya. Masu sana'ar gefen hanya sun yi asarar da ba wanda ya lissafa ta. Wurin tsayawa da aka keɓe, mai haske da ofishin 'yan sanda a kusa, ya fi sauƙin tsarewa a kan rumfuna ɗari da suka warwatsu cikin daji, kuma shi ne kaɗai zai sa direba ya yarda ya kashe mota bayan magariba.