Ina namijin da ya yi mata cikin?

Abin da aka yi wa yarinyar nan ranar Lahadi a cocinmu tozarci ne, ku daina kiransa horo. Kuma ba zan sauke wannan rubutun ba ko dattawa sun aiko a kira ni. Waɗanda ba su zo sujada ba ma sun gani tunda bidiyon ya zagaye unguwannin Aboabo da Asawase a nan Kumasi har ya kai wayoyin 'yan'uwanmu na Nima a Accra.

An tsayar da ita gaban jama'a tana murza bakin zaninta, an miƙa mata makirfo ta faɗi laifinta da bakinta, an cire ta daga mawaƙa, an hana ta jibin Ubangiji, an ce ta koma bencin baya. Uwarta na zaune cikin zumuntar mata ta ja gyale ta rufe fuska har aka tashi. To ina namijin? Ita kaɗai ta yi wa kanta cikin? Duk mun san shi, yana nan zaune lafiya lau, babu wanda ya kira sunansa don babansa na cikin masu ba da gudummawar gini.

Ku buɗe Yohanna sura 8. Malaman Attaura da Farisiyawa sun jawo mace gaban Yesu suka ce an kama ta tana zina. Doka a Littafin Firistoci 20:10 ta ce namijin da macen duka biyun ake hukuntawa, amma ita kaɗai suka kawo. Yesu ya sunkuya yana rubutu a ƙasa, ya ɗago ya ce marar zunubi a cikinsu ya fara jifa, suka zame ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin ne ma suka fara tafiya. Ya ce mata shi ma bai hukunta ta ba, ta tafi kada ta ƙara. Mun sha jin wa'azi kan wannan wurin muna cewa amin, ranar Lahadi kuma muka tsaya daidai inda masu duwatsun suka tsaya.

Tun jiya ake min saƙo wai ina goyon bayan zunubi. Haba 'yan'uwa. Zina zunubi ce, ban taɓa cewa ba haka ba ne, ita yarinyar ma ba ta musa ba, da ƙafarta ta je wurin Baba Fasto ta faɗa tana kuka kafin kowa ya sani. Wani kuma ya turo min 1 Korantiyawa 5 wai Bulus ya ce a fitar da mai lalata. Ɗan'uwa ka ƙarasa karatu mana, wancan mutumin bai tuba ba ne, ikilisiyar ma fahariya take yi. Ka je 2 Korantiyawa 2 ka ga Bulus ɗin nan yana cewa a yafe wa mai laifi a ƙarfafa shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Matiyu 18:15 ya ce ka je wurin ɗan'uwanka ku biyu kawai, sai ya ƙi ji ne ake ƙara mutane, ikilisiya ita ce mataki na ƙarshe ga mai taurin kai. Wadda ta kawo kanta da hawaye, me ya kai ta gaban makirfo?

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bambancinta da mu ɗaya ne, nata zunubin ya fito a ciki kowa na gani. Akwai mai sayar da masara da olonka, gwangwanin awon nan, da aka bubbuga gindinta, akwai mai dukan matarsa daren Asabar ya ɗauki kwandon baiko da safe, akwai masu gulmar da suka raba aure a unguwar nan, dukansu a gaba suke zama. Romawa 3:23 ta ce kowa ya yi zunubi ya kasa kaiwa ga ɗaukakar Allah, ba ta ware dattijo ba, ba ta ware mai kuɗi ba. In bencin baya na masu zunubi ne to a kwashe na gaba duka mu koma can tare, ni ce ta farko.

Dauda ya ɗauki matar Uriya ya sa aka kashe mijin a bakin daga, da annabi Natan ya tsare shi ya ce na yi wa Ubangiji zunubi, a take aka ce masa Ubangiji ya kawar da zunubinsa. Ya sha wahalar abin da ya shuka a gidansa, gaskiya ne, amma Zabura 51 da muke rerawa tasa ce. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku, shi aka ce wa ya yi kiwon tumaki. Gafarar nan da jini aka saye ta a kan gicciye, ba kwamitin dattawa ya biya ba, don haka ba su da ikon ja mata horon wata shida kamar bashi. Ina ƙaunar cocin nan, a nan aka yi min baftisma, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Yarinyar da aka kunyata haka ba ta dawowa, wata ma tsoron wannan ranar ne zai sa ta je ta sha abin da zai zubar da cikin ya tafi da ranta.

Wanda ya ɗauki bidiyon kuma ya ji tsoron Allah ya goge.

Iyayena mata na zumunta, an ce min ko awo ba ta fara zuwa ba don kunya. Tun 2008 mai ciki ba ta biyan kuɗin rajistar NHIS, inshorar lafiya ta gwamnati, a nan Ghana, awo da haihuwa suna ciki, wata ta raka ta cikin satin nan. Ku ma ku duba katunanku, da yawa sun mutu ba ku sani ba sai an je asibiti, ana sabuntawa a waya da *929#. 'Yan matanmu masu dako a kasuwar Kejetia da yawansu ba su ma san da wannan ba, a sanar ranar Lahadi da Hausa da Frafra.