Abin da ke sa bindigar ɗan sanda cijewa a ƙasarmu

Jama'a, da an ce bindigar ɗan sanda ta cije, sai ka ji ana cewa tsohuwa ce, a sayo sabuwa. Ni ban yarda ba. A cikin ƙananan bindigogin hannu, ko MAC 50 ce ta Faransa mai cin harsashi 9, ko Beretta 92 mai 15, ko Glock 17 mai 17, daga Garwa zuwa Marwa har Kuseri a arewacin Kamaru ciwonsu ɗaya: ƙura da mai.

Wasu gani suke yawan mai shi ne gata. Da hunturu, ƙurar nan mai laushi kamar garin tuwo tana shiga ko'ina, in ta tarar da mai sai su zama taɓo. Saman bindigar da ke zamewa baya da gaba in an harba ya yi nauyin komawa, ƙugiyar da ke fizgo kwanson harsashi ta kasa kama kwanson. Mafi muni shi ne mai ya gangara ramin allurar da ke dukan gindin harsashi: a ja kunama, ka ji ƙas, shiru. Ramin nan a bushe ake barinsa. Ɗigo kaɗan a layukan da saman ke zamewa a kai ya isa, a goge sauran da tsumma.

Sai gidan harsashi, wanda ba a cika waiwayarsa ba, alhali sau da yawa cijewa daga nan take farawa. Ya faɗi a kan siminti sau ɗaya, leɓensa ya ɗan buɗe, shi ke nan sai ya riƙa turo harsashi a karkace ko biyu a tare. A sa wa kowanne lamba, wanda ya maimaita cijewa a filin harbi a janye shi.

Harsashin da ake ɗanawa kullum da safe a cire da yamma ma abin lura ne, don kansa yana nutsewa cikin kwanso a hankali, ƙarfin fashewarsa ya wuce kima. Kada kuma a haɗa harsashi mai girman 9x18 na bindigar Makarov da mai girman 9x19 a akwati ɗaya.

Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, gumi na jiƙa kuben fata, tsatsa na ci a ɓoye.

Don Allah shugabanni, kowace komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ta samu mai kula da makamai da littafin da zai rubuta harbin da kowace bindiga ta yi da ranar da aka sauya mata sifirin. A kuma ware wa kowane jami'i harsashin gwaji, ya harba da bindigar da ke ƙugunsa da gidan harsashin da yake fita aiki da shi.