Tafiyar awa biyu da ta cinye mana kwana uku

Tsakanin filin jirgin Damagaram da na Diori Hamani a Yamai, in an miƙe ta sama, kilomita 740 ne ko kusa da haka. Ƙaramin jirgi mai farfela ba ya cika awa biyu zai sauke ka. Ta gudro kuwa, wato hanyar kwalta, kusan kilomita 900 ne, a bi Takeita, Tasawa, Maradi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ka shiga kar, wato babbar motar fasinja, kafin asuba ka sauka dare ya yi. Wannan bambancin shi na saya da kuɗina, don Inna ba ta iya zaman mota na yini guda, ƙafafunta kumbura suke yi, ga likita ya ba mu ranar Laraba da safe.

Sai da na sayar da raguna biyu sannan kuɗin tikiti suka haɗu. Aka ce Litinin, mu zo ƙarfe takwas. Bakwai da rabi muna can, Inna ta ci ado kamar mai zuwa Makka. Aka auna kaya, muka zauna. Goma ta yi, azahar ta yi, ba jirgi ba dalilinsa. Na je wurin yaron kamfanin, ya ce "Alhaji a yi haƙuri, yana hanya." Wace hanya? Jirgin da awa biyu ke kawo shi, ya yi awa shida yana hanya, a kan jaki aka ɗoro shi? Da la'asar ta kawo jiki sai ga wani da waya a kunne, ko kallon tsofaffin da ke zaune bai yi ba, wai an ɗaga sai gobe. Gobe ta yi, aka ce ƙura. To, mun san hazo yana hana jirgi sauka, 'yan ƙasar nan ne mu, amma ranar sama tas take, har duwatsun Birni kana hango su.

Abin da ya fi ƙona mini rai, lambar wayata tana hannunsu. Lokacin karɓar kuɗi sau uku suka kira ni. Lokacin fasa tafiya kuma kowa ya zama kurma. Da tun Lahadi suka faɗa, da na nemi mota mun tafi a hankali, mu kwana Maradi, tsohuwa ta huta.

Ƙarshenta dai kar ɗin da nake gudu shi muka shiga ranar Laraba da asuba, ranar da ya kamata a ce muna gaban likita. A Ƙonni sai da mutum biyu suka kama Inna ta sauka yin alwala. Tana cewa "Bari, ɗan nan, haka Allah ya so," ni kuwa maƙogwarona ya cushe. Muka isa Yamai bayan isha'i, washegari aka ce layinmu ya wuce, sai bayan mako uku.

Garin da ya riƙe babban birnin ƙasar nan har 1926, garin Sarkin Damagaram, a ce mai maras lafiya ba zai iya dogara da ranar da aka rubuta masa a takarda ba! Kuɗin kuma har yau ana "duba dosiye". Na je ofishinsu sau huɗu. Jiya na tarar da ƙofa a rufe, mai gadi ya ce sun tafi filin jirgi tarbar fasinja.