Turancin 'yan wokshop ya ishe ni

Wallahi na gaji. Yaro ya je otal a Abuja kwana uku, ya sha shayi da samosa, ya dawo ba ya buɗe baki sai "empawament", sai "jenda", sai "inkulushin". Talaka ya koma "bolnarabul", maigari guda kuma wai "sitekholda"! Jiya na ce wa ƙanena tashi ka ɗebo wa Inna ruwa, wai na tsallake masa "baundari", a kan jarka biyu fa jama'a, na daka masa tsawa ya ce na zama "tokzik". Ni ne gubar? Faɗan Baba ma yanzu "tiroma" ne, to mu da muka sha dorinar makarantar allo me za a kira mu, gawa?