Maganaɗisun Katako

Ni dai injin markaɗe aka aike ni saye. Uwargida ta ƙirga mini kuɗi, ta maimaita sunan injin sau uku kamar mai biya wa ƙolo karatu, na hau babur na nufi wajen masu kayan gwanjo na ƙasar waje a Sabon Gari. Da la'asar sai ga ni na dawo da wani ɗan akwati mai warin tsohon ɗaki, a ciki akwai wani falankin katako da aka ɗaura wa tsirkiya shida.

Mai shagon ya rantse mini cewa jita ce, orijina daga Amurka. A kasuwar Kano ko ashana za ka saya sai an ce maka orijina ce, don haka ban ɗauki rantsuwar da nauyi ba. Ƙyallinta ne ya ja ni, an lulluɓe ta da wata roba mai walƙiya kamar tangaran ɗin amarya. Uwargida ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Malam, ta ina ake zuba tattasan?"

Na ɗan taɓa jita a zamanin jami'a, sai na rungume ta yadda na saba. Tsirkiyoyin sun yi nisa da katakon har yatsa na iya wucewa ta ƙarƙashinsu. Na danna, na danna, har fatar yatsana ta dare. Na yanke hukuncin cewa lalacewa ta yi, washegari na kai wa kafinta ya sassaƙe ta tsirkiya ta sauko. Allah ya rufa asiri, ya tafi ɗaurin aure Wudil.

Da dare ƙanena ya ɗauki hotonta ya bincika a intanet, ya yi dariya har da hawaye. Ashe ba a rungumarta. A cinya ake kwantar da ita kamar faifan tsintar shinkafa, a riƙa jan guntun ƙarfe mai santsi a kan tsirkiyar. A tsibirin Hawai aka faro salon, ana danganta shi da wani yaro mai suna Joseph Kekuku wajajen 1889, kuma a farkon shekarun 1930 kamfanin Rickenbacker ya fitar da mai lantarki wadda ake wa laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. Wannan kukan mai lanƙwasa da muke ji a kiɗan juju na King Sunny Ade, wanda Demola Adepoju ke kaɗawa, na wata 'yar'uwarta ce mai matakan ƙafa. Nan take na ji na zama mutum mai ilimi, na ce wa uwargida tarihi na sayo mata. Ta ce tarihin ya markaɗa mata wake.

Na aro soket ɗin kwance fulogi a wurin makanike ya zama ƙarfen ja. Saura ɗaure tsirkiya. Na kama kunnen farko, wato ɗan makamin da ake juyawa a ɗaure tsirkiya, na murɗa, sai ya marmashe a hannuna kamar ƙuli-ƙulin da ya sha turmi. Na biyu ma haka. Mai hankali zai tsaya a nan. Ni sai da na gwada duka shidan don in tabbatar.

Ƙanena ya shigar da ni wani dandalin intanet na wasu dattawan Amurka da ba su da aiki sai hirar irin wannan jitar. Mutanen kirki ne, amma in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun ba ka tarihin agogo. Suka ce robar kunnuwan nan seluloyid ce, tana tsukewa tana ruɓewa da shekaru, ba laifina ba ne. Suka sa na kwance maɓallin ƙara murya na karanto musu lambar da ke bayansa: 304218. Wai ukun farko lambar masana'antar maɓallin ce, 2 lambar ƙarshe ta shekara, 18 mako. Da suka haɗa da siffarta suka ce 1952 ce, aikin wata masana'anta a Shikago da ta daɗe da rufewa. Wato jitar ta girmi babana da shekara guda.

Daga nan aka raba mini hanya biyu. Ko in nemi kunnuwa na asali da aka ciro daga wata tsohuwar jitar, ko in sayi kwaikwayo da ake ƙerawa yanzu. Na ce ni jikan masu fatauci ne, ba na sayen jabu. Na duba farashin na asalin, na mai da dala naira, na sake lissafawa ko na ƙara sifili bisa kuskure. Ya ninka kuɗin jitar sau uku, ban da kuɗin jirgi. Mai sayarwa kuma ya rubuta da gaskiyarsa cewa robar ta fara tsagewa. Wato in biya kuɗin injin markaɗe uku don a turo mini ƙuli-ƙuli daga Amurka.

Na koma Sabon Gari wajen masu sayar da kayan kiɗan coci, na sayo kunnuwan jitar zamani. Na jitata uku-uku suke a kan faranti ɗaya, kuma an huda katakon da awon inci. Sababbin da milimita aka yi su. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, wannan ɗan ɗigo huɗun kuwa ba ya yafiya: ramin farko ya shiga, na biyu ya shiga da ƙyar, na uku ya tsaya yana kallona. Sukurorin ma zarensu daban. Na zaga Ƙofar Ruwa da ɗan sukuru ɗaya a tafin hannu, duk wanda na nuna wa sai ya ce, "Na wace mota ne, Alhaji?"

Ana cikin haka na lura sautinta ya fi ƙarfi a gefe guda. Na kai wa Baba mai gyaran rediyo na bakin layinmu, dattijon da ya gyara rediyon gidanmu tun ina firamare. Ta kwana biyu a wurinsa, ya ce bai ga matsala ba. Da na dawo gida na kwance murfin abin ɗaukar sautin, wato na'urar da ke mai da kaɗawar tsirkiya lantarki ta tura wa lasifika, da kaina. Tsirkiyoyi suna ratsawa ta tsakiyarsa, da baƙin maganaɗisu a kowane gefe. Na ɗora sukudireba a na dama, ta manne. Na ɗora a na hagu, ta zame. Na kankare shi da farce. Katako ne aka shafa wa baƙin fenti.

Dattawan Amurkan nan sun riga sun gaya mini wannan abin ɗaukar sautin shi ne dukiyar jitar, tun da makaɗin jita Ry Cooder, wanda ya yi faifai da Ali Farka Toure na Mali a 1994, ya ɗora irinsa a kan jitarsa, mutane ke farautarsa. Sai zuciya ta ɗebe ni. Na isa shagon Baba ko sallama ban ƙarasa ba, na dangwarar da katakon a kan teburinsa a gaban masu shan shayi.

"Baba, ina maganaɗisuna?"

Ya ɗauka ya juya, ya shinshina, ya sauke tabarau. "Yaro, ni da na san ranar sunanka, zan sace maka ƙarfe in tsaya sassaƙa katako har da fenti? Ina na ga lokacin?"

Masu shayi suka rabu gida biyu. Na tafi ina huci, na ɗauki hoto na tura wa dattawan Amurka da dogon bayani kan lalacewar amana a wannan zamani. Kafin asuba amsoshi sun taru, kowa na taya ni murna. Wai haka masana'antar ta yi wasu daga cikin masu araha, maganaɗisu ɗaya na gaske, ɗaya na katako don cike gurbi. Wani ma ya ce wannan shaida ce babu wanda ya taɓa yi wa jitata ha'inci, in adana katakon da kyau domin masu tara kayan tarihi suna son komai yadda ya fito. Duk cikin jitar, abin da ya fi kowane zama orijina shi ne jabun.

Na sayi goro da lemo na je ba Baba haƙuri. Ya karɓa, ya ce ya yafe, amma har yau in na wuce sai ya ɗaga murya ya ce wa masu shayi su ɓoye ƙarafunansu ga mai bincike nan.

Kunnuwan kuwa daga baya na sauko na yi odar robobin kwaikwayo guda shida. Mako bakwai suna hanya. Dabarar ita ce a ɗumama sandar ƙarfen kunnen da ƙarfen dalma sannan a tura robar ta zauna. An ce a ɗumama, ni kuma na gasa. Huɗu suka narke kamar alewar madara. A ƙarshe wani mai yin ƙotar wuƙa a kasuwar Kurmi ne ya sassaƙa mini shida da ƙahon saniya, bai ko tambayi na wace mota ba ne. Sun zauna daram.

Ranar da zan harhaɗa komai na nemi katakon nan mai daraja na rasa. Na birkice akwati, na leƙa ƙarƙashin gado. Uwargida na kicin tana gwada sabon injin markaɗen da ta sayo da kanta.

"Wani ɗan baƙin katako? Ai shi na sa a ƙarƙashin ƙafar teburin nan, yana ta girgiɗi. In za ka ɗauka ka kawo mini madadinsa, kuma orijina nake so."