Mai koyon zane, ajiye wayar nan ka kalli buta

Yaran da ke koyon zane a Jos yanzu sun kasu gida biyu. Akwai 'yan kwafi, su ne za ka ga an ɗauko hoton wani a waya an ja masa layuka gida-gida kamar na dara, sai a bi gidan nan ɗaya bayan ɗaya da fensir har fuska ta fito sak. Akwai kuma 'yan YouTube, su an gaya musu komai na duniya kwali ne da ƙwallo da gwangwani, haka za su cika littafi da akwatuna wata da watanni, ka ce su zana maka mai shayin bakin Terminus sai ido ya raina fata.

Ni a ganina dukkansu abu ɗaya suka tsallake, wato zama a gaban abu na gaske a kalle shi. Kwafin hoto fa ba kallo ba ne, kyamara ta riga ta shimfiɗe maka komai, tsawo da kwana duk ta auna, kai bi kawai kake.

Ɗauko butar alwala ka ajiye a kan benci. Bakinta ka san zagaye ne amma daga inda kake zaune a matse yake, in ka sunkuya ya ƙara matsewa, kuma hannunka zai dage sai ya yi cikakken zagaye don shi ƙwaƙwalwa ta haddace. Miƙa fensir, rufe ido ɗaya, auna faɗinta da tsayinta. To sai ka zo kan hancin butar da marikinta ka ga sun ƙi zama a jikinta, kamar liƙa su aka yi, a nan ne gwangwanin 'yan YouTube yake da rana, ka zana gangar jikin har da bayan da ba ka gani, ka ja layi a tsakiya, nan take za ka gane inda hancin ya tsiro. Shi ya sa nake cewa kaso mafi tsoka a ba wa kallo, ginin siffa da kwali da ƙwallo da gwangwani ya shigo lokacin da ido ya cije. Wanda ma yake kaffa-kaffa da zanen mai rai saboda addini, buta da keke napep da duwatsun Shere sun ishe shi aiki.

Salon Loomis na zana kan mutum da ake ta yayi, ƙwallo a yanke gefe biyu a raba fuska uku, daga gashi zuwa gira, gira zuwa hanci, hanci zuwa haɓa, yana da amfani ba musu. Amma Andrew Loomis Ba'amurke ne mai zanen talla da mujallu, tun 1959 ya rasu, bai zana wa kowa hular zanna ko ɗaurin ɗankwali ba, balle yadda babbar riga ke karyewa a kafaɗa. Wanda ya haddace shi bai kalli mutanen layinsu ba, fuska ɗaya zai yi ta haifowa.

Kuma ba sai an ƙona data ba, gidan tarihi na Jos yana nan tun 1952. Je ka tsaya gaban kawunan Nok, wato mutum-mutumin yumɓu na mutanen da, masu shekara sama da 2,000. Kan a mulmule yake ko dogo, ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya, wannan tsari ne da aka koya aka maimaita. Amma dubi kitso da duwatsun wuya, wanda ya yi su ya ƙura wa mutanensa ido sosai.

Na san zanen hoton biki da na bazday shi ke kawo 'yan canji, ban ce a daina ba, ana cin abinci da shi. Kawai in an gama na kwastoma a samu ko rabin awa ne a juya wayar a kife, a sa ƙanin gida ya zauna, ko da kuwa zai yi ta mutsu-mutsu yana tambayar an gama ne.