Nasiha ga malaman harshe masu fama da cikar aji

Assalamu alaikum. Da ku nake, 'yan uwana malaman Hausa da Turanci da Larabci na ƙananan sakandare, musamman ƙannenmu da suka fito daga kwalejin ilimi ta Gumel ko ta Kumbotso da takardar shaidar malanta ta NCE aka tura su ƙauye.

Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare. A takarda ke nan. Kai ka san ajinka: bencin mutum uku ya ɗauki biyar, wasu na zaune kan buhu, na baya ko rubutun allo ba sa gani. Kuma wahalar malamin harshe daban ce. Mai lissafi amsa zai duba ya wuce, kai sai ka bi insha'i layi-layi, nan an bar ƙugiyar ɗ, can an haɗe kalmomi uku wuri guda.

Mun kasu biyu. Akwai mai ɗaure littattafai a bayan babur ya kai gida, ya yi ta maki da fitilar waya har tsakar dare, kafin zango ya ƙare murya ta dushe, ciwon kai ya zama abokin zama. Akwai kuma wanda ya sallama, ya miƙa wa monita littafi ya kwafe a allo, shi yana gindin darbejiya. Na farkon ya zalunci kansa. Na biyun, Malam, ka ji tsoron Allah. Ba a koyon harshe da kwafe, shi ya sa yaro ke kaiwa aji uku bai iya karanta wasiƙa ba.

Dubi alaramman tsangaya. Bai taɓa biya wa kowane kolo da bakinsa ba, gardawa ke yi, shi yana sa ido. Gwada yaranka da ɗan sakin layi, ka ware waɗanda suka iya karatu, ka raba ajin rukuni-rukuni, kowane da jagoransa. Shifta kuwa su musanya littattafai, ka rubuta daidai a allo su gyara wa juna. Insha'i ka karɓi na rukuni ɗaya kowane mako, ka gyara shi tsakani da Allah, ka fito da kuskure biyu ko uku da suka fi yawa a tattauna. Ranar kasuwar gari, da rabin aji ba ya zuwa, kada ka ɓata rai: ranar ce ta zama da masu rauni.

Muryarka jarinka ce. Ƙurar hunturu da garin alli sun ishi maƙogwaro, kada ka ƙara masa da ihu. Tsaya shiru ka zuba musu ido, ko ka tafa sau biyu, za su saba. Bulala kuma, mu faɗa wa juna gaskiya, sau da yawa haushin albashin da bai kai tsakiyar wata ba ake hucewa a bayan ɗan mutane. In ka ji zuciya ta taso, fita baranda ka sha ruwa. Ka kuma riƙa leƙa asibitin sha-ka-tafi ana auna maka jini.

Haƙuri ba shi ne yin shiru ba. Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, amma ba mai raba maka aji sai an ga adadi. Rubuta yawan ɗalibanka da na bencunan ajinka, ka ba shugaban makaranta, ka kai wa kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) da wakilin ƙungiyar malamai (NUT), ka ajiye kwafi. Zango mai zuwa ka sake rubutawa.